Daga Adakar Baba zuwa Zauren Majalisar Kaduna

Bayan an yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, yayata ta ce in buɗe tsohuwar adakarsa in duba ko akwai takardar gona ko ta bashi da ya kamata magada su sani. Adakar ƙarfe ce, irin mai koren fenti da jan fure, ta daɗe a ƙarƙashin gado har gindinta ya fara tsatsa. Ban sami takardar bashi ba. Abin da na samu shi ne wani ƙunshi da aka ɗaure da zaren buhu: rasit ɗin haraji ne, an jera su shekara bi shekara, na kakanmu a ƙasa, na Baba a sama. Takardun sun yi ja, tawadar wasu ta koɗe har adadin kuɗin ba ya karantuwa, amma hatimin En'e na nan daram a kan kowanne. A ƙarƙashinsu kuma ga wasu shafukan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya ninke, yawancinsu labarin zaman Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa.

Na daɗe zaune a bakin gadon ina jujjuya takardun. Baba malamin elementare ne na En'e, bai taɓa tsayawa zaɓe ba, ban kuma san shi da katin wata jam'iyya ba. To me ya haɗa shi da cacar bakin 'yan majalisa har yake yanke ta yana adanawa tare da rasit? Sai da na karanta sannan na gane. Albashinsa, da allin da yake rubutu da shi, da kwanon rufin ajinsa, duk daga irin wannan ƙunshi suke fitowa, kuma a Kaduna ake tsara yadda za a kasafta.

Majalisar ta fara zama a 1947 ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards. A lokacin shawara kawai take bayarwa, kuma razdan-razdan na Turawa na zaune a cikinta. Tsarin mulki na 1951 ne ya ba ta ikon yin doka, aka naɗa ministoci 'yan ƙasa, Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya a 1954, Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959. A Lugard Hall suke zama, ginin nan mai ƙubba da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke amfani da shi har gobe. Da Hausa da Ingilishi ake magana a zauren, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da wakili ya faɗa da safe zai iya isa ƙofar fadar dagaci ba tare da an sake masa kama ba. Shekarar kuɗi tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu, saboda haka zaman kasafi yakan faɗo a ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara. Makaman Bida Aliyu ne ke riƙe da ma'aikatar kuɗi shekara da shekaru, Isa Kaita na ma'aikatar ilmi, Ibrahim Imam na Borno kuma ya yi zamani yana jagorancin 'yan hamayya, ga shi da kaifin baki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a waɗannan shafuka shi ne yadda ba a iya raba magana ɗaya da 'yar'uwarta. Wakili zai tashi ya nemi a ƙara makaranta a gundumarsa. Kafin ya zauna an tambaye shi ina malaman da za su koyar. Maganar malamai ta jawo ta albashi, ta albashi ta jawo ta haraji, da an taɓo haraji kuwa sai zaure ya ɗau zafi, domin kowa a cikinsu ya san fuskar wanda za a je a karɓa a hannunsa. Maƙwabcinsa ne. Wani lokaci ma surukinsa.

Yaran yanzu suna jin kalmar haraji kamar wani abu da ake cirewa a banki ba tare da an ga mai cirewar ba. Mu da muka tashi a ƙauye mun ga haraji da ƙafafunsa. Da kaka ta yi, an kai gyaɗa kan sikeli, sai mai unguwa ya fito da malamin haraji suna bi gida gida da littafin ƙidaya. Duk namijin da ya balaga sunansa na ciki. Yaro ya fara tsiro da gashin baki sai uwarsa ta shiga zullumi, domin ta san bana za a rubuta shi. Wanda ya biya a ba shi rasit, ya ninke shi ya cusa a cikin hula, saboda ranar kasuwa 'yan doka na iya tare hanya su ce kowa ya nuna nasa. Wanda ya kasa, akuyarsa ce za ta tafi, ko irin shukar da ya ajiye don baɗi. Na taɓa ganin wani dattijo, sa'an kakana, an zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci tun hantsi har azahar, an cire masa hula, mu yara muna leƙe ta bayan danga. Ba a taɓa lafiyarsa ba, amma daga ranar bai ƙara zama a majalisar ƙofar masallaci ba. Wasu samarin kuwa da sun ji ƙishin-ƙishin ƙidaya sai su tattara su tafi cin rani, sai damina ta faɗi a gan su.

Fulani nasu jangali ne, kuɗin kowace saniya, kuma da damina ake karɓa lokacin da garke ke zaune wuri ɗaya. Wasan ɓuya ne da kowa ya san dokarsa: daren da za a zo ƙirga, sai a kora rabin shanun cikin daji, hakimi ya san an kora, Arɗo ya san hakimi ya sani, a yi ciniki a rabu.

Kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana zama a baitulmalin En'e, wanda aka fara kafa irinsa a Katsina tun farkon zamanin Turawa, saura ya tafi ga gwamnatin Kaduna. Daga nan ake biyan sarki da hakimi da alƙali da ɗan doka da malamin asibiti da irin su Baba. Akwai kuma wani harajin da ba a ba da rasit a kansa. Hukumar cinikin amfanin gona ta Arewa ce kaɗai ke da ikon sayen gyaɗa da auduga don fitarwa waje. Ita ke yanka farashi a farkon kaka, ta saya a hannun manomi da sauƙi, ta sayar a Turai da tsada, rarar ta shiga asusun gwamnati. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, wani ɓangare nata gumin da ba a biya cikakke ba ne. Da irin wannan rara aka sa hannu a masaƙar Kaduna da sauran manyan ayyukan da ake lissafawa idan ana yabon mutanen farko. Yabon ya cancanta. Sai dai a riƙa sa sunan manomi a ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zauren cike yake da waliyyai. Yawancin wakilan ma'aikatan En'e ne: wannan hakimi, wancan ma'aji, ɗaya ɗan majalisar sarki. Masu karɓar harajin su ne masu muhawara a kansa, kura ce aka ba ajiyar nama a wurare da dama. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, ta yadda kafin a kai matakin ƙarshe an tace duk wanda fada ba ta so. Mace kuwa ba ta da ƙuri'a a Arewa ko kaɗan, sai a 1976 aka buɗe mata ƙofa. 'Yan NEPU, waɗanda suka mai da zaluncin haraji babban makaminsu tun kafa jam'iyyar a Kano a watan Agustan 1950, sun fi sanin ƙofar kotun alƙali da gidan yari a kan kujerar majalisa. Duk da haka a wannan zauren ne, a cikin wannan watan na Agustan 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makaranta ne daga Bauchi, ya tashi ya kawo ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e gaba ɗaya, a daidai lokacin da ba a saba jin ɗan boko ya ɗaga murya a kan sha'anin sarakuna ba. Bayan 'yan shekaru aka sauya doka, sarki ya daina zama shi kaɗai ne hukuma, sai tare da majalisarsa. A 1963 kuma binciken kuɗin En'e ta Kano ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi, ya koma Azare. Akwai siyasa a cikin al'amarin, kowa ya sani. Amma ta ƙofar baitulmali aka shiga, kuma hakan ya nuna nauyin da kuɗin jama'a ke da shi a idon mutanen wancan lokaci.

Maganar ilmi ita ce ta fi yi mini ciwo idan na waiwaya. A watan Janairun 1955 Awolowo ya fara ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma. Bai zo a banza ba: sai da aka ɗora wa mutane ƙarin haraji na ilmi da lafiya, jama'a suka yi ta gunaguni, har jam'iyyarsa ta sha ƙasa a zaɓen tarayya na 1954 a yankinta. Bai janye ba. Jihar Gabas ta gwada nata a 1957, kuɗi ya gaza, shekara na zagayowa aka dawo da kuɗin makaranta, mata suka fito zanga-zanga. Shugabannin Arewa suna kallon duka biyun, suka zaɓi tafiya sannu: a fara horar da malamai, a gina makarantun midil da sakandare, a tura samari Kongo a Zariya su koyi aikin mulki don su karɓi kujerun Turawa da 'yan Kudu, a yi Yaƙi da Jahilci don manya su iya karanta rasit ɗinsu da sikelin gyaɗarsu. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙasar faɗi gare ta, malamai kaɗan ne, iyaye kuma ba sa so. Baba ya sha ba mu labarin yadda yake bin dogari zuwa ƙauyuka neman yara. Ana hango su sai a zura yaro cikin rumbu a rufe. Dagaci kuma idan an ce ya kawo yara biyar, sai ya ɗebo 'ya'yan barorinsa da na waɗanda ba sa ga-maciji da shi, nasa ya ɓoye. Allah da ikonsa, waɗancan yaran su ne suka dawo suna manyan ma'aikata. Amma ni a ganina an wuce gona da iri wajen taka-tsantsan. An ji tsoron ƙara wa talaka haraji, wannan gaskiya ne, sai dai wasu daga cikin masu kujerun sun kuma ji tsoron talakan da ya yi karatu. 'Ya'ya mata aka bar su baya nesa. Makarantun allo, inda mafi yawan yaran ƙasar suke, kusan ba su da gurbi a kasafi. Bashin da aka ɗaga a wancan lokaci shi muke gani yau a bakin kowace tasha da robar bara a hannu.

Sai daji. Shi ne ɗan marayan kasafin kuɗi tun asali, amma a da ko maraya yana da mai kula da shi. Ƙanin mahaifiyata malamin daji ne. Ina iya tuna shi da kakinsa da ya sha guga, da kekensa mai jaka a baya, a cikin jakar akwai littafin lasin da fensir ɗaure da zare. Iyakar gandun dajin da ke yamma da garinmu tarin duwatsu ne aka jera tazara-tazara, kuma duk shekara kafin iskar hunturu ta taso sai ya tara mutane su share layin wuta mai faɗi kewaye da shi. Ya san kowace hanya a ciki, da kowane tafki, da rugar da ta sauka jiya. Baƙon fuska ba ya kwana biyu a dajin labari bai kai kunnen hakimi ba.

Mutanen gari ba sa son Kawu, in faɗi gaskiya. In ka sare ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci ba lasin, ko da a gonarka take, tara ce ko gaban alƙali. Tsofaffi kuma ba su manta ba cewa wani sashe na gandun gonakin iyayensu ne aka zagaye da duwatsu aka ce na hukuma ne. Na kuma san ba kowane malamin daji ne ke mai da kazar da aka kai masa da dare ba. Waɗannan koke-koke suna isa majalisa: wakili ya ce mutanensa sun ƙaru, gona ta yi kaɗan, a yanko musu daga gandu, minista ya ce in an yanka bana, baɗi ma za a dawo, ga hamada na matsowa. Wata rana a yanka, wata rana a hana. Muhimmin abu dai ana maganar, akwai layi a kasafi mai sunan daji, akwai mutum mai albashi da zai amsa tambaya. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari tun 1936 aka keɓe shi. Yankari a 1956 gwamnatin Arewa ta amince da keɓe shi don namun daji, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1965, shekara guda kafin soja su karɓi mulki komai ya watse, majalisar ta zartar da dokar keɓe wuraren kiwo don makiyayi ya sami inda zai tsaya ba tare da ya shiga gonar kowa ba. Da an bi ta sau da ƙafa, da wataƙila wani jinin bai zuba ba.

Yau ka ambaci Rugu ko Kamuku ko Kuyambana ko Sambisa, ba itace ko barewa ke zuwa zuciyar mai sauraro ba. Ban ce rashin malamin daji kaɗai ne ya kawo mu nan ba, dalilan suna da yawa kuma sun sarƙe. Amma dajin da hukuma ta daina shiga, wani zai shiga. Lokacin da na koma garinmu na nemi duwatsun iyakar nan, sai aka nuna mini su a harsashin ginin wani gida.

Albashi ba sai na tsawaita ba, domin kukansa bai sauya ba. A watan Yunin 1964 ma'aikatan ƙasar nan suka yi yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu saboda gwamnati ta yi ta jan ƙafa a kan rahoton kwamitin Morgan na gyaran albashi. Abin lura shi ne a Arewa ta wancan lokaci duk sulen da aka ƙara wa ma'aikacin En'e sai an lissafa daga wuyan wa zai fito. Shekara goma bayan haka aka yi ƙarin albashin nan na Udoji. Soja ke mulki, babu majalisar da za ta yi tambaya, kuɗin man fetur kuma ya yi ambaliya. A farkon 1975 aka biya ƙarin haɗe da bashin watanni tun daga Afrilun 1974. Baba ya shigo gida da sabon babur da rediyo mai kaset, muka kwana muna shafa su. Kafin wata uku mudun gero ya nuna mana cewa kasuwa ma ta ji labari. Manomin da ba ya cikin takardar albashin kowa shi ya sha kuɗar tsadar ba tare da ya ga ko kwabo ba.

A nan ne igiyar ta tsinke. Gwamnati ta daina buƙatar aljihun talaka don ta rayu. A 1976 aka fara ilmin firamare na bai-ɗaya da kuɗin tarayya, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi hasashe, aka ɗebo malamai ta ko'ina. Da farar hula suka dawo a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Na ga murnar da aka yi, na kuma taya, domin hoton dattijon nan da ke zaune a rana bai bar idona ba, kuma ko yau aka ce a dawo da irin wancan karɓa ba zan goyi baya ba. Amma akwai abin da ya tafi tare da rasit. Kakana idan ya ga rijiyar gari ta rufta yakan je ƙofar dagaci ya yi magana da ƙarfin wanda ya biya. Mu kuwa da aka gina mana aji biyu sai mu yi tawaga mu je godiya, kamar daga aljihun wani aka yi.

Majalisar ma ta sauya abin da ke tayar mata da jijiyar wuya. A wannan zauren na Lugard Hall, 'yan jam'iyyar NPN masu rinjaye suka yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin Balarabe Musa, har suka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Kusan shekara biyu jiha guda ba kwamishinan ilmi, ba na gona.

Na yanzu kuwa mai karatu ya fi ni gani. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka, kuma shekara da shekaru ana jin kuɗin na kwance a Abuja saboda jihohi sun kasa ajiyewa. Ban cika jin wata majalisar jiha ta hana gwamna barci a kan wannan ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa naira 70,000 a 2024, kuma da yajin aiki ko barazanarsa ake samun ƙarin, ba da tausayin wakilai ba. Da Shugaba Tinubu ya aika da ƙudurorin gyaran haraji a watan Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba, aka yi watanni ana kai ruwa rana kafin a sa hannu a watan Yunin 2025. Na bi muhawarar da kyau. Yawancinta a kan yadda za a raba kuɗin ne tsakanin jihohi. Mai biyan, wanda ake cira a jikinsa duk sanda ya sayi katin waya ko sabulu, ba a ba shi ko rasit ɗin da zai cusa a hula ba, kuma ban ji an tambayi ajin ɗansa ko dajin bayan garinsu ba.

Takardun Baba na mai da su cikin adakar, na ɗaure da zarensu. Kai kuma mai karatu, idan ƙarshen shekara ya zo gwamnanku ya kai kasafi majalisa, nemi kwafinsa, ka duba nawa aka rubuta wa gandun daji, nawa wa horar da malamai, nawa kuma wa motocin 'yan majalisar kansu. In kana kusa, ka je ranar da ake muhawarar. Akwai kujerun 'yan kallo a zauren, kuma ba a biyan kuɗin shiga.